Muryar Baba Dela

Ikkilisiyar Bawa ba ta da ƙararrawa, ba ta da bagade, ɗakinsa ne kawai na kwano da katako a unguwar Karantina ta Jidda. Bawa makanike ne, mutumin Wusasa, wani kamfani ya kawo shi Jidda lokacin da kuɗin mai ya fara zuba. Ba fasto ba ne, amma shi ke da Littafi, sai 'yan tsirarun Hausawa Kirista da ke garin suka mai da shi dattijonsu. Ran Juma'a suke haɗuwa, daidai lokacin da maza suka tafi masallaci, su yi addu'a ƙasa-ƙasa, su yi waƙa kamar masu raɗa. Taron Kirista haramun ne a Saudiyya; in aka gano su, halas, shi ke nan, kafili mai tsaya musu zai janye hannu, a soke iƙama, takardar zama, a loda su a jirgi.

To, ga Baba Dela. Tsohuwa ce da ta ƙarar da ƙarfinta tana rainon 'ya'yan wani ɗan Labanan, ba ɗa, ba jika, sai wannan taron. Ita ke gasa gurasar Jibin Ubangiji, ita ke riga kowa zuwa. Sai kunnenta ya mutu. Ita a ganinta raɗa take yi, nan kuwa in ta ɗauko waƙa har kwano sai ya amsa. A taɓa ta, ta yi murmushi, ta ƙara ƙaimi, tana zaton yabo ne.

Wata Juma'a da yamma Mastura, matar maƙwabcinsa, ta leƙo ta katanga. Mutuniyar kirki ce, haifaffiyar Jidda.

"Ammu Bawa," in ji ta, "wace ce mai muryar nan a ɗakinka? Wallahi da daɗi. Amma ban taɓa jin irin wannan begen ba."

Bawa ya tara 'yan'uwa, Na'ibi direba ya ce, "Dattijo, 'ya'yana a gida da wannan aikin suke ci. Ko ita, ko mu."

Sai a faɗa wa Baba Dela mana, ko? Da wane baki? Ba ta karatu, balle a rubuta. Ba ta ji sai an yi ihu, kuma a Karantina in ka yi tari, na gida uku zai ce maka sannu. Bawa ya je ɗakinta, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna maƙogwaro, ta yi dariya ta dafa masa shayi da citta, wai mura ke damunsa. Kunya ta rufe shi, ya sha shayin ya fito.

Abin da ya yi, ba shi da kyau, kuma ya sani. Ya mai da taron wani sito a unguwar Khumra, bai gaya mata ba. Ran Juma'a ya kulle ɗaki ya sulale. Da ya dawo, sai ga gurasa a bakin ƙofa, naɗe cikin farin ƙyalle. Mako ya zagayo, haka. Gurasar yake ɗauka zuwa taro na gaba ya kakkarya wa jama'a, yana cewa jiki ɗaya ne su duka, maganar tana masa ɗaci a harshe. Waƙa kuwa ta koma raɗa sosai, ba mai tsoro, ba kuma mai jin daɗinta.

Rannan ya dawo bai ga gurasa ba. Mastura ce zaune a dakali.

"Ammu, tsohuwar nan taka ta zo," in ji ta. "Miskina! Ta zauna a ƙofarka cikin ranar nan har la'asar. Na kai mata ruwa, ta ƙi sha."

"Ta ce wani abu?"

"Da me za ta faɗa? Ta ɗaure bakinta tamau da farin ƙyalle, har ya shiga kumatu. Tana ta nuna mini shi, tana nuna ƙofarka, kamar in gaya maka ka gani. Ciwon haƙori take yi ne?"

Bawa ya tsaya da mabuɗi a hannu, ya kasa samun ramin kwaɗon.

"E," ya ce. "Haƙori ne."