Igiyar Ɓawon Kuka

Atime ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya kama tsohuwar igiyar ɓawon kuka da ke rataye a jikin dutsen garinsu, ya fara hawa, da wata sabuwa naɗe a ƙugunsa. A ƙasa ƙanensa Ambara na tsaye kan gawar mahaifinsu, an naɗe ta cikin bargon saƙi.

"Yaya, yi sauri don Allah. Garin nan ko kukan kaza babu."

"To ka yi mana kukan, tunda bakinka ba ya hutawa."

Da can wannan aikin mazan gari ne kaf, wasu na ja, wasu na kiɗa. Tun da 'yan bindiga suka watsa garin, sai su biyu. Tsohon ya rasu a sansanin gudun hijira a garin Bandiagara, kuma har ya cika maganarsa ɗaya ce: a kai shi kogon da ke saman garinsu, wurin matarsa da kakanninsa. Taurin kansa ko ciwon ajali bai rage shi ba.

A gefen kogon akwai ƙananan ɗakunan laka na Tellem, mutanen da suka fara zama a nan, manne da dutse kamar gidan zanzaro. Shekarun da Turawa ke zuwa, Atime ne ke kawo su, yana gaya musu mutanen zamanin da sun hau nan ne don gudun mahara. Su ɗauki hoto, su tambaya, "Ta yaya mutum zai zauna a nan?" Shi dai dariya yake yi, don shi ma bai sani ba.

Ya rataya sabuwar igiyar a gungumen bakin kogon, ya sako ta. Ambara ya ɗaure gawar, suka shiga ja, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Duk karon da ta yi da dutse, Atime a ƙirjinsa yake jinsa.

Ta kai rabi ke nan Atime ya hango babura daga fili, jere, kowanne da mutum biyu da bindiga.

"Ambara! Ga su nan! Saki, hau babur ɗinmu ka tafi!"

"In saki Baba? Ka haukace ne?"

"Na riƙe shi. Kana da yara!"

"Kai fa?"

"Na ce ka tafi, ɗan banza!"

Nauyin duka ya dawo hannun Atime, igiya ta saɓule masa fata. Ya ja yana kuka ba kunya, har ya rungumo tsohon, ya kwantar da shi cikin ƙasusuwan danginsa. Ƙarar babur ɗin Ambara ta yi nisa. Waɗancan kuwa suka shigo gari, suka kashe injuna, suka fara sauke tabarmi da tukwane. Ba masu wucewa ba ne.

Atime ya dubi igiyoyin suna lilo har ƙasa. Ya jawo su sama a hankali, ya rarrafa cikin ɗaya daga ɗakunan Tellem. Ɗakin ya ɗauke shi daidai.