Ruwa Daga Hannun Harkishan

"Ajiye kofin nan, Bimla. Ajiye shi tun kafin Maji ta hawo," in ji maƙwabciyata Omwati.

Ban ajiye ba. Ruwa ne da suga, a gidana na dama, na tsallako da shi ta 'yar katangar da ta raba saman gidanmu da nasu. Omwati na zaune a kan tabarma cikin jan sarinta na aure, dogon zanen nan da muke naɗe jiki da shi, hannuwa sun sha lalle, awarwaro har kusa da gwiwar hannu. Gumi na tsattsafo mata a goshi, alhali ni har mayafi na yafa saboda iskar yamma. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari.

"Didi, kurɓa ɗaya," na ce mata, don haka nake kiranta, wato yaya. "Wa zai gani? Ni ce zan je in kai rahoto?"

"Wanda ake yi dominsa yana gani."

"Wa? Mijin naki Harkishan? Wannan ko kin faɗi a gabansa sai ya tsallake ki ya tambayi ina shayinsa."

Ta so ta yi dariya, ƙarfin bai kai ba.

Ranar Karwa Chauth ce, azumin da matan aure ke yi don mazajensu su yi tsawon rai. Tun asuba ba ci ba sha, sai wata ya fito mace ta kalle shi ta cikin rariyar tankaɗe, ta juyo ta kalli fuskar mijinta, shi kuma ya ba ta ruwa da hannunsa. Ni dai na huta da wannan tun da nawa mijin ya mutu. Abin da ya rage mini a irin wannan rana shi ne in kulle ƙofata, kada wata ta yi ido huɗu da mai farar ƙafa ta ce na ɓata mata ibada.

Omwati tana da ciwon suga, kuma allura take yi. Likita ya faɗa mata a gabana, don ni na raka ta, cewa ita da azumi har abada. Bara ta ji maganarsa ta ci abinci da rana. Ba a rufa wata ba Harkishan ya sha ya bugu, ya afka kwata da babur ɗinsa ya karya ƙafa. Shi ke nan fa! Uwarsa, wadda duk layinmu ke kira Maji, ta samu abin yi. Shekara guda tana zama a bakin ƙofa tana sanar da duk mai wucewa cewa surukarta ta sayar da ƙafar ɗanta a kan gurasa biyu. Dama can Omwati ba ta gama biyan laifin haihuwar 'ya'ya mata biyu ba namiji ba, sai ga wannan a kai.

Muka ji takun tsohuwar a matakala, tana hawa tana nishi, tana ɗauke da tiren tagulla mai fitilar ƙasa da rariya da 'yar butar ruwa. Tana ganina ta tsaya cak.

"Me wannan take yi a nan? Yau? Bahu, matar ɗana, kin rasa wadda za ki zauna da ita sai wadda ta cinye nata mijin?"

"Maji, ki dubi fuskarta," na ce. "Sugarta ce ta sauka. In ba ta sha wani abu mai zaƙi yanzu ba, za ku yi kuka a gidan nan."

"Iye! Likita Bimla! Mu da muka yi azumin nan da tsohon ciki, muna surfe muna ɗiban ruwa, mutuwa muka yi? Fitar mini da ƙazamin kofinki."

Ta sa bayan hannu ta make shi. Ruwan ya malale a siminti, kofin ya gangara har bakin matakala. Na ji kamar in shaƙe ta, ba zan ɓoye ba. Amma Omwati ta ɗago ido ta dube ni, irin kallon nan na ki rufa mini asiri, sai na haɗiye abin da ke bakina na koma wajen katanga na zauna a ɓangarena. Daga nan ina ganin komai.

Da duhu ya fara shiga, yara suka cika saman gidaje suna leƙen gabas. Can wani ya ƙwala ihu daga wajen tankin ruwa, "Ya fito! Ya fito!" Nan take unguwa ta ɗauka. Ko'ina fitilu, ko'ina ƙarar awarwaro. Amaryar gidan mai gyaran rediyo tana ta ƙyalƙyala dariya don mijinta ya zuba mata ruwa a hanci. Ƙanshin soyayyen abinci ya taso daga kowane gida.

Omwati ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaga rariya ta kalli wata. Ta juyo inda ya kamata mijinta ya tsaya. Ba kowa a wurin sai igiyar shanya.

"Ina yake?" na tambaya daga inda nake.

"Ya ce zai rufe shago da wuri," in ji ta.

Shago! Duk wanda ke layin nan ya san lokacin karta ne, sallarmu ta fitilu da ake raya ta da caca ta gabato, maza na taruwa a bayan shagon mai taya suna bugawa. Na fito da wayata na kira shi, na sa a fili don uwarsa ta ji.

"Bhai, ɗan'uwa, wata ya fito. Didi ba ta da lafiya, ka zo yanzu."

Ana jin hayaniya da dariya a bayansa. "Ke kuma wa ya aike ki? Ce mata ina zuwa. Wadda ta jira tun safe, minti nawa ne zai kashe ta?" Wani ya ce masa jefa kartarka mana, ya kashe wayar.

"Kin ji ai, yana zuwa," in ji Maji. "Namiji ne, yana da harkoki."

"To ta kalli hotonsa mana. Matan sojoji ba haka suke yi ba? Ga hotonsa can a ɗaki."

"Hoto? Ɗana na raye a cikin gari za a kalli hotonsa kamar mamaci? Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Omwati ta koma ta zauna. Butar ruwan na gabanta a kan tire, in ta miƙa hannu za ta taɓa. Na tsallako kuma, ban ko kalli tsohuwar ba, na durƙusa kusa da ita.

"Didi, don girman 'ya'yanki. Ga ruwa nan, ki sha. In wani abu ya same shi a ce ni ce, na saba."

Ta girgiza kai a hankali. Maganarta ta fara harɗewa kamar ta mai barci. "Ba za ki gane ba... In na sha, ko tuntuɓe ya yi... Bimla, na gaji da jin sunana a bakin ƙofa. Gara wannan."

"Gara me?"

Ta ce wai in duba mata ko jan garin da ke tsagar gashinta, alamar matar aure, ya goge, kada ya zo ya same ta haka. Na ce yana nan daram. Sai ta jingina kanta a kafaɗata, jikinta sanyi ƙalau kuma sharkaf da gumi, nauyinta ya sake gaba ɗaya.

Ihun da na yi shi ya tara mutane. Na ɗebo suga a kicin ɗinsu na tura mata a baki, haƙora sun datse, ba ta haɗiya. Ko a lokacin Maji cewa take, "Kada ku karya mata, saura kaɗan, ga shi nan zuwa." Mai gyaran rediyo ne ya saɓe ta ya sauko da ita, muka sa ta a babur mai ƙafa uku. Hanya ta cushe, kowa ya fito da matarsa cin daɗi. Kanta na kan cinyata har asibiti, ina kiran sunanta tana munshari.

Ba ta farfaɗo ba. Likitan ya ce da an kawo ta da wuri, ko da an ba ta ko alewa ce tun tana iya haɗiya, da ta tsira. Ya tambayi ina mijinta, na ce yana zuwa. Ya zo kuwa, bayan an gama komai, yana warin taba yana tambayar wa ya ba da izinin a fito da ita. Ta kwana biyu a gadon nan, sannan ta cika da hantsi, 'ya'yanta na hanya.

Da aka kawo gawar gida, matan aure ne suka yi mata wanka. Ni ba a bar ni na taɓa ta ba, ni da nake taje mata kai duk mako. Na tsaya a bakin ƙofar tsakar gida. Suka sa mata sabon jan sari, suka cika tsagar gashinta da jan gari, suka ƙara mata awarwaro, suka kwantar da ita a ƙasa kamar amarya. Mata na shigowa suna taɓa ƙafarta.

"Kai, ta yi sa'a. Ta riga mijinta."

"Kuma da azumi a bakinta. Irin wannan mutuwa ai roƙonta ake yi."

Maji na zaune a tsakiya tana karɓar gaisuwa, tana share ido da gefen mayafi. "Bahuna ce," take cewa. "Ba ta karya ba. Har ƙarshe ba ta karya ba." Ban taɓa jin ta yabi Omwati ba sai ranar, kuma ban taɓa tsanar wani mahaluki kamar yadda na tsane ta a lokacin ba.

Kafin a ɗauke ta, malamin ibada ya ce a kira mijin. Harkishan ya shigo da farar riga, idanu sun kumbura, yana ɗan ɗingishi. Aka miƙa masa cokali da ruwan kogin Ganga, wanda ake sa wa mamaci a baki. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa ya buɗe leɓɓanta, ya zuba a hankali.

Ruwan ya tsaya a bakinta na ɗan lokaci, sannan ya biyo gefen kumatunta ya gangara cikin kunne. Babbar 'yarta ta sa bakin mayafinta ta goge.