Lallen Farida da Gemun Mu'azu

"To in yanke hannun ne, patoron?" Farida ta ce wa maigidan aikinmu, tana ɗaga tafukanta da suka sha lalle.

Ni kuwa ina bakin ɗakin girki ina yankan albasa, kunnena na can. Shekarata goma a gidan abincin Idrisa, nan bayan kasuwar Petit Marché, ba abin da ke wuce ni.

Idrisa ya ce, "Doka ce. Mace mai kai abinci tabur ba ta sa lalle. Baƙi gani suke kamar dauɗa ce."

"Bikin ƙanwata aka yi! Ni yayar amarya in zauna da hannu fari?" Sai ta nuna Mu'azu abokin aikinta, yana wucewa da faranti, gemunsa ja wur. "Wancan fa? Da miyar tumatir ya rina shi?"

Dariya ta so kuɓuce mini, don ni da kaina na sayo masa lallen.

Idrisa ya ce, "Shi namiji ne. Ke kuwa ko ki koma wanke-wanke har ya goge, ko ki ajiye rigar aiki."

Lalle irin wannan sai ya yi sati uku. Ga shi ƴaƴanta biyu da wannan aikin suke ci.

Farida ta dubi ƙofar titi, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta juyo ta ce mini, "Inna, matsa mini." Ta shige ɗakin girki, ta bugo ƙofa har albasata ta watse.