Ƙafar Zinariya da Dambun Ismail

Ranar da Zinariya ta faɗo daga matakalar benensu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, tukunyar dambu aka fara ceta. Maƙwabta biyu ne suka fito da gudu, ɗaya ta tare tukunyar kafin ta kife, ɗayar ta tsinto murfin. Sai da suka tabbatar dambun bai zube ba sannan suka waiwayo suka ga mai shi zaune a ƙasa, tafin ƙafarta na hagu yana kallon inda bai taɓa kallo ba. Ita kanta Zinariya ba ta ga laifinsu ba, domin abin da ta fara tambaya ke nan, ko dambun ya tsira.

Shekara talatin tana girkin biki da suna a Jidda. Aikin Umara ta zo yi da mahaifiyarta tana budurwa, uwar ta koma gida, ita ta zauna wurin yayarta. Tun daga nan babu Bahaushen da ya aurar da ’ya tsakanin Hindawiyya da Waziriyya bai ci wainarta ba. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ganinta a kwance da rana.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna mata idon sawun ya karye wuri uku. Aka yi mata tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi bakwai, aka naɗe ƙafar da filasta har gwiwa. Ya ce sati shida kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa ko da wasa, ta kwanta a ɗora ta kan matasai. Zinariya ta tambaye shi wa zai yi girki. Likitan ya yi murmushi irin na wanda bai taɓa shiga gidansu ba, ya ce ai tana da iyali.

Iyali kam tana da su. Akwai mijinta Ismail, ma’aikacin sito a tashar jiragen ruwa, mutumin da ya haddace lambar kowace kwantena amma shekara ashirin da shida bai gano inda ake ajiye sukari a gidansa ba. Idan yana son shayi, tsayawa yake a ƙofar kicin ya yi gyaran murya. Akwai kuma ’yarsu Joud, haihuwar Jidda, mai aiki a shagon tabarau. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta fara da Hausa ta ƙare da Larabci, girkinta kuwa bai wuce ta latsa waya a kawo abinci bakin ƙofa ba.

Gidan a hawa na uku yake, kuma babu lif. Ismail da maƙwabta maza uku suka ɗora ta kan kujerar roba suka yi sama da ita, suna hutawa a kowane hawa, kowa yana ba kowa umarni. Washegari yayarta Sajida ta iso daga Waziriyya da jakar da ta ce ta kwana biyu ce, jakar da ita ma sai da mutum biyu suka hau da ita.

Daga nan masu dubiya suka fara zuwa, sai ga shi ashe duk unguwar likitoci ne aikin ne kawai ba su samu ba. Wata ta ce ƙanin mijinta an sa masa ƙarfe irin wannan ya yi tsatsa a ciki. Wata ta ce nonon raƙumi, safe da yamma. Wata ta daɗe tana kallon ƙafar, ta girgiza kai, ta ce Allah ya sa dai ba yanke ta za a yi ba, sannan ta tambaya ko akwai sauran wainar jiya. Yaya Sajida kuwa ta ce da a gida ne, mai ɗori zai haɗa ƙashin nan cikin sati biyu ba tare da an fasa jikin mutum an cusa masa kayan gini ba. Har ta samo wani a Waziriyya ta kawo shi. Joud ta tare ƙofar ɗaki ta ce wa yayar uwarta, “Khala, a’a. Likita ya ce mamnu’, ya hana.” Mutumin ya sha shayi a falo ya tafi, Sajida ta yi kwana biyu tana cewa yaran yanzu ba su san darajar manya ba.

Abin da Zinariya ba ta zata ba, Joud ce ta ɗauki jinyar ta gaskiya. Kowace safiya kafin ta tafi shago sai ta naɗe filastar da leda ta yi wa uwar wanka a kan kujera, ta yi mata allurar hana jini daskarewa a ciki, ta raka ta banɗaki tana riƙe da ƙugunta yayin da take dogara sanduna biyu. Zinariya, wadda ta sha cewa yarinyar nan ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba, sai ta riƙa kallon silin don kada su haɗa ido. Da ƙaiƙayi ya dame ta cikin filasta ta koma sosawa da ƙotar ludayi, Joud ta kama ta, ta ƙwace ludayin ta ɓoye.

Abinci kuwa Yaya Sajida ta karɓe shi. Farfesun ƙafar saniya take yi kullum, hujjarta ita ce ƙafa ce maganin ƙafa. Ba ta sa gishiri, domin tana da hawan jini, kuma ta yanke hukuncin cewa duk gidan suna da shi.

A sati na uku haƙurin Zinariya ya ƙare. Bayan azahar, Sajida na barcin rana, sauran suna wurin aiki, ta ɗauki sandunanta ta lallaɓa kicin da niyyar ta yi wa kanta miya irin ta mutane. Ta miƙa hannu za ta sauko da tukunya, sanda ɗaya ta zame, ƙafar ta dira ƙasa da dukan nauyinta. Zafin da ta ji ya fi na ranar faɗuwar. Aka sake kiran maƙwabta, aka sake ɗauko kujerar roba.

Likita ya ce ta yi sa’a kusoshin ba su motsa ba, amma ɗinkin ya buɗe, don haka an ƙara mata sati biyu. A motar komawa gida Joud ta juyo daga kujerar gaba.

“Mama, ni kullum ina wanke ki, ina allura, ina tsoro, wa inti ba ruwanki. Halas, ki karya ɗayar ma mu huta.”

Zinariya ta buɗe baki za ta ce wa take yi wa tsawa, sai ta tuna wa ke yi mata wanka kowace safiya, ta mayar da kai wajen taga.

Kwana kaɗan bayan haka surukar Sajida ta haihu, Sajida ta tattara jakarta ta koma Waziriyya, ta bar musu farfesu cike da firji da wasiyyar kada a sa gishiri. Joud ta koma latsa waya. Yau kaza da burodi, gobe shinkafar kabsa mai maiƙo, jibi kazar dai. Zinariya takan ci loma biyu ta ture. Masu biki suka yi ta kira tana ba su haƙuri, har ta gaji ta kashe wayar. Zoben hannunta ya fara juyawa da kansa. Ta daina faɗa, ta daina tambayar wa ya bar fitilar banɗaki a kunne, kuma wannan shirun ne ya fi tayar wa mutanen gidan hankali.

Wata Juma’a bayan an sauko daga masallaci, ƙamshi ya shigo mata ɗaki. Ba ta buƙatar a gaya mata, dambu ne da zogale, kuma wanda ya turara shi ya san lokacin sauke shi. Joud ta shigo da faranti. Zinariya ta kai loma ɗaya: bai caɓe ba, bai bushe ba, gyaɗar ta ji, man bai yi yawa ba. Ranta ya ɓaci nan take, don ta ɗauka wurin wata mai girki aka sayo a Waziriyya, wadda suka daɗe ba sa shiri.

“Wa ya dafa wannan?”

Joud ta kalli ƙofa. “Baba.”

“Wane baban?”

“Wahid ne da ni, Mama.”

Aka kira Ismail. Ya shigo da ganyen zogale maƙale a hannun farar jallabiyarsa, ya tsaya nesa da gado kamar wanda aka kama ba iƙama, wato takardar izinin zama. Da farko ya ce a waya ya gani ya gwada. Zinariya ta ce masa ita shekara talatin take wannan aikin, ya nemi wata ƙaryar. Sai ya zauna ya faɗi gaskiya. Lokacin da ya zo Jidda yana saurayi, ba takarda ba kafilin da zai tsaya masa, shekara huɗu ya yi yana dafa wa ’yan dako arba’in abinci a wani tsakar gida kusa da tasha, sau biyu a rana, tuwo da dambu da wake. Ranar da ya samu aikin sito ya yi wa kansa alkawarin shi da tukunya har abada. Daga baya kuma Allah ya haɗa shi da wadda ta fi kowa iya girki a Jidda, bai ga dalilin tayar da tsohon zance ba.

Zinariya ta ajiye cokali.

“Alhaji, ranar da zan haifi Joud, ina naƙuda na tashi na dama maka koko.”

Ya ce bai manta ba, kuma kokon ya yi daɗi. Sai daga baya ya gane ba wannan amsar ake nema ba.

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Amma duk abin da ya dafa ta cinye, saƙo kuma ta hannun Joud yake bi: a gaya wa ubanta daddawar ta yi kaɗan, a gaya wa ubanta ba haka ake yanka kuɓewa ba. A rana ta huɗu ya shigo gyara mata matasan ƙafa, ya ɗaga ƙafar a hankali da hannu biyu, ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Hajiya, gani na yi kin daina ci, na tsorata. Da ban tsorata ba, da har yau ban iya ba.”

Ta ce tun da suka yi aure bai taɓa faɗin gaskiya irin wannan ba. Dariya ta zo mata, ta danne ta da ƙyar. Ba ta ce ta yafe ba, ta dai ce gobe miyar taushe take so.

Da sati takwas suka cika aka cire filasta. Ƙafar da ta fito Zinariya ba ta gane ta ba, siririya, fatar tana saɓulewa, idon sawun ya sandare kamar itace. Aka ba ta wani ƙaton takalmi mai maɗauri, aka sa ta zuwa gashin ƙashi sau biyu a sati. A gida kuma Joud ke sa ta rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa, don gaɓar ta saki. Mace mai shekara kusan hamsin aka mayar da ita alif, ba, ta, malamar kuma ba ta da sassauci, in harafi bai fita ba sai ta ce yalla a sake. Ranar da ta fara takawa, daga gado zuwa ƙofar ɗaki ne, tana dafe da kafaɗar Ismail. Taku tara. Ta jiƙe da gumi, ta zauna ta yi kuka, shi kuma ya tsaya yana ta duba na’urar sanyaya ɗaki kamar wani abu ya same ta.

A wata na huɗu wata tsohuwar mai sayen abincinta, Ilham, ta zo ta ce ’yarta za ta aurar, kuma ba ta yarda kowa ya yi girkin ba sai ita. Zinariya ta karɓa. Ta zauna kan kujera a kicin, ƙafa a kan ƙaramin tebur, Ismail a gaban tukwane, Joud na yankan albasa sanye da tabarau ɗin shagonsu. Miji da mata suka yi musu kan gishiri tun safe har la’asar. Kafin a kwashe abincin ya roƙe ta kada maganar nan ta fita, shi mutum ne mai mutunci a majalisa. Ta ce ta ji. Bai lura ba alkawari ta yi ba.

Ta je bikin da sanda ɗaya. Mata suka kewaye ta suna barka da tashi, sannan suka shiga yabon abinci. Wata ta ce wallahi tun da ƙafarta ta karye, hannunta ya ƙara daɗi. Wata ta ce dambun nan ya fi na bara nesa ba kusa ba, ƙila hutun da ta yi ne. Zinariya ta jure kusoshi bakwai, amma wannan ta kasa jure shi. Ta gyara zama ta ce su adana yabonsu su kai wa Alhaji Ismail, ta kuma ba su labarin ’yan dako arba’in daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko wake ɗaya ba.

Kafin sati ya zagayo matan Hindawiyya sun zaunar da mazajensu suna tambayarsu me suke ci shekarun da suka yi a Jidda kafin aure, kuma wa yake dafawa. Bincike ya nuna Usman mai tuƙin babbar mota ya iya tuwo har da miyar kuka. Wani dattijo da ko kofi ba ya ɗaurayewa ashe shekara biyu ya yi yana wanke-wanke a gidan abinci. Da Ismail ya je majalisarsu ta ƙofar shago bayan la’asar, ba wanda ya matsa masa a kan benci. Usman ya ce masa tun da ya san zai tuba, ai sai ya yi shawara da mutane, ba ya jawo wa unguwa guda masifa ba.

Ya dawo gida yana huci, ya ce ta gani ko, ta zubar masa da girma a gari. Zinariya na zaune a falo ta miƙe ƙafar kan matashi, domin har yanzu tana kumbura in yamma ta yi, kuma ɗingishin bai gama barinta ba. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta nuna masa kumburin, ta ce likita ya hana ta doguwar tsayuwa har zuwa ƙarshen shekara, Joud kuma ta kusa dawowa daga shago da yunwa.

Ismail ya daɗe a tsaye yana kallon ƙafar. Daga nan ya naɗe hannun riga ya tambaye ta ko akwai sauran kabewa.