Zakaran da Baffa Ya Kawo

Tun da Malam Muntaka ya rasu, 'yarsa Hansai ce ke buɗe akurkin da ke bayan gidansu a unguwar Amrigebe. Kajin ado ne ƙanana, durgu, ko sun girma ba sa wuce kurciya. Farare ne masu ɗigon baƙi, gashi har kan yatsunsu kamar sun sa safa. Shekara da shekaru ya yi yana tace irinsu, wannan ya ajiye, waccan ya kyautar, har ya zama in masu kiwon kajin ado suka baje kolinsu a Farsha bayan Babbar Sallah, ba a tambayar na wa ne. Ana gani ake cewa jinin gidan Muntaka.

Tsohon zakaransa bai daɗe ba ya bi shi. Saura kaji mata kawai, suna saka ƙwai marar amfani, suna tsufa. In ba a samu zakara na kirki ba, irin ya ƙare ke nan.

Hansai ta je baje kolin bana ba ta ɗauki kaza ko ɗaya ba. Ta tsaya can gefe da mayafinta, ta ga wani zakara mai tsayayyen zanko da ido garau, ta zagaya kejinsa ta sake zagayawa, amma da mai shi ya ɗago ya ce, "Afe, 'yar malam?" sai ta kasa tambayar kuɗin zakaran. Ta amsa gaisuwa ta juya. A kan kilando, babur ɗin haya, ta yi kukanta har gida.

Labari ya kai ga Baffa Bakari, ƙanin mahaifinta, mai sayar da nama a Farsha. Shi ne mai yi wa marigayi ba'a yana cewa, "Yaya, waɗannan ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba." Tun ranar jana'iza bai sake ambaton sunan yayansa ba. Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da kwali a hammata, an huhhuda shi.

"Ina amaren? Na kawo musu ango!"

Inna Zuleha, mahaifiyar Hansai, ta shimfiɗa masa tabarma tana dariya. "Kai da ba ka san kaza ba sai a tukunya? Allah ya sa ba agwagwa aka sayar maka ba."

"Ke dai kawo shayi, tsohuwa. Kasuwa na zagaya ƙafata har ta kumbura."

Ya buɗe kwalin. Zakaran ƙarami ne, kyakkyawa, launinsa ya kusa da nasu. Amma Hansai ta ga idonsa na hagu yana ruwa, ta kuma ji wani ɗan kurkur a maƙogwaronsa in ya ja numfashi. Ka'idar mahaifinta ta faɗo mata: baƙon kaza a ƙarƙashin kwando yake zama, bayan madafa, da ruwansa daban, sai an ga lafiyarsa.

Baffa ya miƙe da zakaran a hannu ya nufi akurki. Hansai ta bi shi a baya. Maganar tana bakinta, ta ji nauyinta a kan harshe. Sai ta ga ya tsaya a bakin ƙofar, ya dafa katakon da mahaifinta ya kafa da hannunsa. Da ya yi magana muryarsa ta canja.

"Na yi ta yi masa dariya a kan kajin nan. Allah ya jiƙanka, Yaya."

Ya share ido da hannun riga, ya yi bisimilla, ya saki zakaran a ciki.

Hansai ta ce, "An gode, Baffa. Allah ya saka da alheri."

Ya ja tabarmarsa kusa da akurki ya zauna har bayan la'asar, yana kurɓar shayi yana kallo. Zakaran ya tsoma baki a kaskon ruwa, kajin suka bi bayansa suka sha. Baffa ya tafa hannu.

Yana fita Hansai ta ruga za ta cire zakaran. Inna ta tsayar da ita. "Ke, ya ce gobe zai biyo ya gan shi. In ya tarar da kyautarsa a kife cikin kwando, me za mu ce masa?" Ya zo gobe, ya zo jibi. Hansai ta zubar da ruwa, ta wanke kasko, ta yi ta addu'a.

Sati bai cika ba babbar kazar ta ƙi fitowa. Ta takure a lungu, fukafukai a sake, tana buɗe baki. Kafin azahar wuyanta ya murɗe. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce da Larabci ai cutar ta riga ta shiga, rigakafi ba ya aiki a kan wanda ya kamu. Kullum da safe Hansai na ɗaukar gawa, marar nauyi kamar tsumma, tana binnewa a gindin darbejiya. Zakaran ne ya mutu a ƙarshe.

Abin da ya rage ƙwai ne 'yan kaɗan da aka saka bayan zuwansa. Ta goge su, ta miƙa wa maƙwabciyarsu Kubura ta kan katanga, ita kuma ta sa wa kazarta mai kwanci. Hansai ta ƙone shimfiɗar akurkin, ta shafe bango da farar ƙasa, ta bar rana ta dake shi. Da lokaci ya yi, duk suka zama baragurbi sai ɗaya. Ɗan tsako guda, da ɗan gashi a ƙafa. Kubura ta ba ta aron kazar, aka sa su a akurkin.

Baffa ya ji labari a makare. Ya zo da sabon kwali, fuskarsa ba walwala. Bai tsaya wasa da Inna ba.

"Ƙaddara ce, 'yata. Ga wata na samo, ta ɗebe wa marayan kewa."

Ya nufi akurki. Hansai ta riga shi, ta jingina bayanta da ƙofar. Idonta a ƙasa.

"Baffa, kada a buɗe."

"Me kika ce?"

"Wancan da ciwonsa ya zo. Na gani tun ranar, na kasa faɗa."

Inna ta ce, "Ke!"

Baffa ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi gindin darbejiyar, inda ƙasa ta yi tudu-tudu. Ya sunkuya ya ajiye kwalin a tsakar gida. Ya sa takalmansa ya fita, shayinsa na huci a kan tabarma.

Hansai ta ɗauki kwalin ta kai bayan madafa, ta kifa wa sabuwar kazar kwando, ta zuba mata ruwa a gwangwani. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ta koma. Ɗan tsakon ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike ya koma. Mace ce ko namiji, ba ta sani ba tukuna.