Karen da Zarah Ta Zaɓa

Ranar da Zarah ta kufce daga hannun uwarta Awabu a titin Old Kent Road da ke London, saura ƙiris bas ya taka ta. Sun fito daga shagon kayan miya, leda a hannu ɗaya, yarinyar a ɗayan, sai motar asibiti ta wuce da jiniya. Zarah ta toshe kunnuwa, ta fizge, ta auka titi. Direban bas ya take birki har fasinjoji suka zube kan juna. Da Awabu ta rungumo 'yarta, tana jin zafin injin motar a fuskarta.

Shekarar Zarah takwas. Likitoci sun ce autism ne. Magana ba ta dame ta ba, in ma ta yi, kalma ɗaya ce ko biyu, da Turanci. Ƙara mai ƙarfi tana shigar mata kai kamar allura, kuma in ta firgita gudu take yi ba ta duba gabanta. Iyayenta mutanen Nima ne ta Accra, suna zaune a hawan ƙasa na wani gidan bene a unguwar Thamesmead. Uban, Wahabu, direban bas ne. Awabu kuwa girki take yi, waakye, wato shinkafa da wake irin na Accra, da tuwo da miyar ayoyo. Duk wani suna ko biki na 'yan zango, wato Hausawan can gida, a wannan yanki, da wuya a ci shi ba da tukunyarta ba.

Malamar Zarah ce ta fara kawo zancen kare. Ta ce akwai wani kare da ake kawowa makaranta yara su zauna da shi, kuma duk ranar da ya zo, Zarah takan ɗora hannu a bayansa su zaga fili tare, a hankali, ko ƙararrawa aka kaɗa ba ta zabura. Awabu ta je ta gani da idonta ta taga. Ta daɗe a tsaye. Ba ta taɓa ganin 'yarta tana tafiya irin ta mai natsuwa ba.

Ta nemi ƙungiyoyin da ke ba yara irin Zarah karnuka masu horo, aka ce layi ya yi tsawo, sai dai ta jira shekaru. Ta ce ba za ta jira ba, za ta nemo kare da kanta, ta kuma faɗa wa mijinta haka suna cin abinci.

"Kare?" in ji Wahabu, ya ajiye cokali. "A gidan nan? Inda muke salla?"

"A gidan nan, Baban Zarah. Ɗakin salla yana da ƙofa."

"Me za mu gaya wa mutane?"

"Da bas ɗin nan ya taka ta, me za mu gaya musu? Kai ma direba ne. Ka san sau nawa birki ke kamawa a kan lokaci."

Ya tashi ya leƙa ɗakin da Zarah ke jera murafan kwalba a kan kafet, ya dawo ya zauna. Ya ce a dai tambayi malami tukuna. Awabu ta ce ta riga ta yi. Ta je wurin Malam Abdul-Jalil bayan azahar, ta faɗa masa komai, ya ce kare na kwalliya daban, na lalura daban, ta kula da tsafta, ta raba masa kwanonsa, kada ya shiga inda ake salla. Wahabu ya dube ta, ya gane an gama magana tun kafin a zuba masa tuwo.

Saura zaɓen irin karen, kuma nan Awabu ba ta san gabas ba balle yamma. A Nima, kare abin jifa ne, ba ta taɓa shafa ko ɗaya ba. Sai ta haura bene wurin maƙwabciyarta Sharon, 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, wadda ta tashi a gidan da karnuka ke kwana a bakin murhu.

Sharon ta yi dariya har da tafi. "Maman Zarah, ke da kike tsallaka titi in kin hango na Bature?"

"Har yanzu ina tsoronsu. Ki dai taimake ni."

Suka zauna da waya suna duba hotuna. Awabu ta nuna wani mai shuɗin ido da gashi kamar na zaki, ta ce wannan kyakkyawa ne. Sharon ta ce husky ke nan, in bai yi gudun mil da mil a rana ba zai cinye mata kujeru, ga kuka kamar na kura. Awabu ta ce to a nemi ƙarami, wanda za a iya ɗauka a hannu, tunda gidan ba girma. Sharon ta girgiza kai, ta ce ƙanƙanta ba ita ce haƙuri ba, wasu ƙananan sun fi kowa haushi, kuma in yaro ya matse su da ƙarfi sai su kai cizo. Kowa dai Labrador yake yabawa a kan yara, shi da ɗan uwansa mai dogon gashi ruwan zuma. Awabu ta riƙe sunan, tana ta maimaitawa a bas kamar mai hadda.

"Amma kada ki ɗauko ɗan kwikwiyo," in ji Sharon. "Jariri ne na biyu za ki yi wa kanki. Ki nemi babba wanda halinsa ya riga ya fito."

Awabu ta nemi izinin masu gidan haya, suka bayar. Sharon ta yi booking a wani gidan da ake ajiye karnukan da ba su da masu su, can yankin Kent, a wajen London.

Kafin ranar ta zo, labari ya kai kunnen Hajiya Fausia, yayar Wahabu, wadda ita ce uwar 'yan zango a yankin. Ta zo ba ta ko zauna ba. Shekarunta a London sun fi na kowa, amma harshenta bai taɓa barin Nima ba.

"Awabu, yarinya nan ba kare ya ke so ba, addu'a ya ke so. Na ce a kai shi gida a yi mashi magani, kin ƙi."

"Hajiya, addu'a kullum muna yi. An yi mata rubutu ta sha, an yi tofi, ban hana ba. Wannan ma magani ne."

"Mala'iku ba su shiga gida mai kare."

"Na tambayi Malam, ya ba ni amsa."

"To ki ji tawa amsa. Ran da kare ya shigo gida nan, babu wanda zai ci waakye naki. Ni zan faɗa ma mutane da bakina."

Awabu ta san ba wasa Hajiya take yi ba. Girkin nan shi ne sana'arta, shi ne kuma mutuncinta a cikin mata. Ta dubi ƙasa kamar yadda aka koya mata duban ƙasa gaban manya, amma abin da ya fito daga bakinta bai sunkuya ba.

"Ki faɗa musu, Hajiya. Ki kuma faɗa musu cewa tun da aka gane ciwon Zarah, ba wadda ta taɓa cewa in kawo ta ta riƙe mini ita na awa ɗaya. A wurin suna, in ta fara kuka, kallona ake yi har in kwashe ta mu fita. Ban yi fushi ba. Amma wanda bai ɗauki kayan ba, kada ya zaɓa mini gammo."

Hajiya Fausia ta juya wurin ƙanenta. Wahabu ya ce, "Yaya, 'yata ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ta ja gyalenta ta fita.

Ranar Asabar Sharon ta ɗauke su a motarta. Matar da ke kula da wurin, wata Baturiya mai takalman roba, ta saurari bayanin Zarah da kyau, sannan ta kai su wani fili mai shinge, ta ce za ta riƙa fito da karnukan ɗaya bayan ɗaya.

Labrador aka fara kawowa, baƙi, mai sheƙi. Ya zo da murna kamar ya ga dangi, yana kaɗa jela, yana tsalle, ya kai wa Zarah lasa a fuska. Ta ƙwalla ƙara ta maƙale a bayan ubanta. Ga shi kuwa a kansa Awabu ta ɗora duk fatanta. Aka kawo wani ƙarami mai murɗaɗɗen gashi, shi kuma bai daina haushi ba, Zarah ta toshe kunnuwa ta fara jijjiga jiki. Wahabu ya ce a tafi gida haka nan, an wahalar da yarinya.

"Ba inda za mu," in ji Awabu. "Ba mu ga duka ba."

Baturiyar ta yi ɗan tunani, ta ce akwai wani, amma mutane ba su cika kallonsa sau biyu ba. Ta dawo da wani dogon kare siriri, launin toka, haƙarƙarinsa a waje, bakinsa kamar tsinke. Greyhound ne, in ji ta, karen tsere da ya yi ritaya. Ya zauna a gidan masu riƙo da ke da yara, ba a taɓa jin haushinsa ba. Yawancin yini barci yake yi. Sharaɗinsa ɗaya, kada a sake shi daga igiya a waje, don in ya hango kyanwa ko kurege, babu mai kamo shi.

"Wannan ai yunwa ta gama da shi," in ji Wahabu.

"Haka jikinsu yake," in ji Sharon. "Kamar karnukan farautar ƙauyenmu."

Karen bai nufi kowa ba. Ya tsaya a tsakiyar fili yana kallon wani wuri can, kamar mai jiran bas. Zarah ta sauke hannu daga kunnuwanta. Ta zagaya ta bayansa, ta dawo ta gefe. Tsayin bayansa daidai ƙugunta. Ta ɗora tafin hannu a kai. Shi kuma ya ɗan jingina da ita, ya saki numfashi. Da Baturiyar ta fara tafiya da igiyar, sai ga su sun bi ta tare, ba mai gaggawa.

"Sannu, sannu," in ji Awabu, don abin da takan ce wa 'yarta ke nan a hanya.

Zarah ta dubi karen ta ce, "Sannu." Sunan da ya bi shi ke nan.

Ba a ba su shi ran nan ba. Sai da suka sake komawa, aka kuma zo aka duba gidan. Awabu ta sa ƙaramar ƙofa a bakin kicin, ta ware masa kwano da shimfiɗa a lungun falo, ɗakin salla kuma ya zama a rufe. Ranar da ta fara shafa kansa, ta yi bisimilla a fili.

Hajiya Fausia ta cika alkawari. Aka yi cancel na girkin wani suna, sannan na wani biki. Waya ta yi shiru. Awabu ta yi kuka sau ɗaya a banɗaki, ta wanke fuska, ta buga wa Sharon ta ce ko 'yan cocinsu na cin waakye. Suna ci, har suna neman ƙari.

Ranar sunan da aka ƙwace mata, da la'asar, lokacin fitar Sannu ya yi. Zauren da ake taron yana kan hanyar tafkin da suke kai shi yawo. Akwai wata hanya ta bayan gidaje, Wahabu ya ce su bi ta can don a zauna lafiya.

"Ban saci kare ba," in ji Awabu. Ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta riƙe igiya, Zarah ta ɗora hannu a inda ta saba.

Mata na tsaye a ƙofar zaure cikin leshi da turare. Hira ta tsaya cak. Wasu suka ja da baya suna tattare zannuwa. Awabu ta tsaya daga nesa kaɗan, ta rusuna ta gaida Hajiya Fausia, ta yi wa mai jego barka, ta tambayi sunan jariri. Hajiya ta kau da kai. Awabu ta miƙe ta ci gaba da tafiyarta, ba ta ƙara sauri ba.

Sun kusa tafki sai ta ji takun takalmi a bayanta. Sherifa ce, wata matashiya da ba ta daɗe da zuwa daga Kumasi ba. Ta waiga ta ga ko ana kallonta, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Anti, yarona ma haka yake. Shekara biyar, bai magana. Ban fita da shi. Ban faɗa ma kowa ba."

"To yau kin faɗa," in ji Awabu, ba ta rage murya ba. "Ki kawo shi gidana ran Laraba. Ba sai kin yi kare ba, kowane yaro da abin da ke kwantar masa da hankali. Amma ki daina ɓoye shi. Ba abin kunya kika haifa ba."

Sherifa ta zo ran Laraba, ta kuma zo ta gaba.

Sannu bai warkar da Zarah ba. Har yanzu tana toshe kunnuwa, akwai kuma ranakun da ba abin da ke lallashinta. Amma ta fara yarda a fita, tana cin abinci in yana kwance kusa da ita, kuma kalmominta sun ƙaru, yawancinsu umarni ne gare shi. Wasu daga cikin masu sayen girki sun dawo a ɓoye, suna aiko mazajensu su karɓa a bakin ƙofa. Awabu takan zuba musu ta ce a gaida mutan gida. Hajiya Fausia ba ta sake taka gidan ba, ko a ranar babbar salla. Awabu ta aika mata da nama da tuwo, aka dawo da kwanon ba a buɗe ba. Ta juye wa Wahabu ya tafi da shi wurin aiki.

Da sanyi ya shigo, aka gane karen ba ya jure shi, sai da aka saya masa riga. Wahabu, wanda ya rantse ba zai taɓa riƙe igiyar ba, shi ke fita da shi da safe kafin ya tafi gareji, yana mita a cikin yayyafi, yana gyara masa rigar in ta zame.