Shirun Falon Mai Inji

Tun da Mai Inji ya sayar da injin niƙansa ya dawo gida ya zauna, abu ɗaya ke ci masa rai: matarsa ta daina yi masa magana. Ba faɗa suka yi ba. Abinci na zuwa a kan kari, riga a goge, ruwan wanka da ɗuminsa. Amma in ya ce, "Uwar yara, ina tabarauna?" sai dai ya ga bayanta tana ta wanke-wanke. Can an jima tabarau ya bayyana a hannun kujera. Ya yi laluben laifinsa har ya gaji, bai gano ba. Ya tambaye ta kuwa, girman kai ya hana. Mutumin da ya tsufa yana ba da umarni a kan ƙarar inji, "me na yi miki" tana yi masa nauyi a baki.

Ana nan sai ɗan ƙanensa, wanda ke shirya fim, ya zo aron falo. Wai labarinsu na bukatar tsohon falo mai tsofaffin kujeru. Mai Inji ya ce, "Wannan roƙo ne ko zagi?" Amma ya yarda, don shi mutum ne mai son ganin cikin abu. Ko rediyo aka buɗe a gidan maƙwabci sai ya leƙa.

Da hantsi suka iso da kayansu niƙi-niƙi. Kyamara ba ta burge shi ba, yanzu wa ba shi da ita a aljihu? Wadda ta ja hankalinsa wata mata ce da ta zauna a lungu bayan ƙofa, ta rataya jaka a gaba kamar mai goyon ƙirji. A cikin jakar akwai na'ura mai maɓallai a jere, da ƙananan fitilu kore da ja masu hawa da sauka. Ta rufe kunnuwanta biyu da abin sauraro mai kauri kamar murfin gwangwani. Abokan aikinta Zomo suke ce mata. Kusa da ita wani dogon mutum na riƙe da sanda da ta fi shi tsawo, a kanta an ɗaura wani abu mai gashi buzu-buzu.

Mai Inji ya jawo kujera ya matso.

"'Yar nan, magen da kuka ɗaure a kan sanda, tana da rai?"

"Makirufo ne, Baba. Rigar gashin don iska ce. Daga waje muke, yanzu Dogo zai tuɓe masa." Ta dubi na'urarta ta yi murmushi. "Kai kam ba ka bukatarsa. Kana buɗe baki fitiluna ke komawa ja."

Ta tashi ta zagaye falon kamar mai farautar ɓera. Ta kashe fanka. Ta sauke agogon bango ta kai shi ɗaki ta danne da matashi.

"Agogon nan ai ba ya ƙara," in ji Mai Inji.

"Yana yi, Baba."

Ta liƙa wa 'yar wasan ƙyalle a ƙasan takalmi, ta ɓoye wa ɗan wasan wani makirufo kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin wuyan riga. Sannan ta zare wayar firji daga bango, ta buɗe shi, ta jefa makullin motarta ciki ta rufe.

"Af! Makulli ma sanyi yake so?"

"Don kada in tafi in bar muku firji a kashe. Ba makulli, ba tafiya."

Mai Inji ya gyaɗa kai. Wannan dabara ta shige shi. Ya ce a ransa, matar nan ta taɓa ruɓar da naman wani.

Aka yi wasan, aka sake, aka kuma sakewa. Miji da mata ne a labarin suna gardama a kan ɗansu, da ƙarfi, har Mai Inji ya so ya sa baki. Da ɗan ƙanen nasa ya ce ɗaukar ta yi, kowa ya fara miƙa, sai Zomo ta ɗaga hannu.

"Kowa ya tsaya inda yake. Shirun ɗaki."

Nan take falo ya daskare. Mai kyamara da kofi a hanyar baki, 'yar wasa da takalmi ɗaya a hannu. Dogo ya miƙa sandarsa tsakiyar ɗaki, inda ba kowa. Mai Inji ya dubi wannan ya dubi wancan, ya kasa haƙuri.

"Wai me ake ɗauka?"

"Shiru, Baffa," in ji ɗan ƙanensa da murya ta wanda ya gaji. "Ga shi ka ɓata shi."

"Shiru ake ɗauka? A kai shi ina?"

Zomo ta zame abin kunnenta gefe ɗaya. "Kowane ɗaki da irin shirunsa, Baba. Na falon nan daban, na ɗakin kwananka daban. In an zo haɗa fim aka yanke magana, da shi ake cike gurbin. In aka sa na wani ɗaki, mai kallo zai ji kamar an yi wa farar riga faci da baƙin yadi, ko bai san dalili ba."

Mai Inji ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "In shiru kuke nema, kun zo gidansa. Ku ɗiba har ku bar saura."

Aka sake daskarewa. Shi dai bai ji komai ba, amma ya ga korayen fitilun na ta motsi kamar ana yi musu cakulkuli. Zomo ta girgiza kai.

"Akwai mai magana."

Dogo ya juya bakin sandar a hankali, ya bi bango da shi, ya tsaya saitin ƙofar da ke fita kicin. Fitilun suka ƙara hawa.

"Ba kowa can sai uwar yara," in ji Mai Inji. "Ita kuwa ba ta magana."

Mutanen falon suka dubi juna. Ɗan ƙanensa ya sosa ƙeya.

"Baffa, Inna ce fa. Tun da muka zo take yi."

Zomo ta dubi tsohon. Sai ta cire abin kunnen ta ɗora masa a ka, ta murɗa wani maɓalli, ta dubi fuskarsa, ta ƙara murɗawa.

Abin da ya fara ji numfashin mutane ne, kamar an tara shanu. Sai kukan cikin Dogo. Sai famfo na ɗiga a tsakar gida, ɗis, ɗis, famfon da ya rantse ya gyara shi tuntuni. Tsuntsu a kan waya. Ashe duk wannan hidima ake yi a gidansa ba a gayyace shi ba! Can ƙarƙashin su duka sai ga wata siririyar murya, wadda ya sani kamar yunwar cikinsa, sai dai ta ɗan tsufa.

"...sun kashe mini firji, kifi zai lalace, shi kuwa yana can ya saki baki kamar yaro a gaban mai dabo. Na ce ya canza rigar nan tunda baƙi za su zo, ya yi kamar da bango nake. Maganinsa ma yana nan inda na ajiye. To, Allah ya ba mu haƙuri..."

Ta ɗan yi waƙa ta hanci, ta koma kan zancen kifi.

"Wannan tsohuwar ɗauka ce, ko yanzu take faɗa?"

"Yanzu, Baba."

Ya ɗaga abin daga kunnensa. Ɗif, kamar an jefa shi rijiya an rufe. Ya mayar, duniya ta dawo. Ya ɗaga, ya mayar, ya ɗaga, ya mayar, yadda yake gwada bel ɗin inji in yana neman inda matsala take. A na ƙarshe bai ɗaga ba.

"Inda na kai maka maɓallin nan," in ji Zomo a hankali, kuma ya ji ta sarai, "da ni na sa, da kaina ya tsage. Me kake yi kafin ka huta?"

"Niƙa."

"To."

"Ƙara mini. Ina son in ji sauran."

"A'a, Baba. Ni ba na sauraron abin da ba a ba ni ba. In kana son ji, ga ta can."

Ya miƙe ya nufi kicin da abin a kansa. Wayar gajera ce, dole Zomo ta bi shi da jakarta, Dogo ya bi Zomo da sanda yana sunkuyawa. Ɗan ƙanensa na kira, wai rana za ta juya, ba wanda ya waiwaye shi.

Matarsa na tsaye ta ba ƙofa baya, tana yanka albasa.

"Uwar yara."

"Na'am," ta ce, ba ta juyo ba. "Ga shi na amsa. An jima a yi ta kumbura fuska."

"Na ji."

Wuƙar ta tsaya. Ta juyo ta ga mijinta da murafu a kunne, mace a bayansa, ƙato na miƙo mata sanda ta saman kansa.

"Ka ji me?"

"Na ji kifi. Na ji riga. Na ji mai dabo ma."

Ta rufe baki da bayan hannu.

"Ashe kina magana?"

"Ashe kana ji?"

"Ni na ɗauka fushi kike yi da ni."

"Fushin me? Ni ce na ɗauka tun da aka raba ka da injinka ka raina zancen kowa. In yi ta magana, ka yi ta kallon bango."

"To me ya hana ki ɗaga murya?"

"In yi wa mijina ihu da furfurata? Maƙwabta su ce me? Kuma sau nawa ina cewa ka je a duba kunnen nan?"

"Yaushe?"

Dogo ya kasa riƙe dariya, sandar ta yi ta rawa har ta kusa taɓa tukunya.

Zomo ta miƙo hannu. "Baba, aiki na jira."

Ya dafe abin da hannu biyu. "Ba za ki bar mini shi ya kwana ba?"

"Likitan kunne na da ƙaraminsa, wanda ba sai Dogo ya riƙa bin ka da sanda ba."

Ya cire ya ba ta. Ita da Dogo suka koma falo, aka ja ƙofa. Ɗif ɗin nan ya dawo, sai dai yanzu ya san ba wani ne ya yi masa shi ba. Ya ga leɓen matarsa na motsi. Ya jawo 'yar kujerar tsugunno ya zauna dab da ita, ya juya mata kunnen da yake zaton ya fi dama.

Ta dubi ƙofa, ta dubi taga. Ta goge hannu a zani, ta sunkuyo, ta ɗaga murya yadda bai taɓa jin ta ɗaga ba.

"Na ce, daga ina zan fara?"

"Daga inda na daina ji."

Ta ɗan yi tunani. Sai ta tura masa kwanon albasa, ta miƙa masa wuƙa.

"To riƙe wannan. Zancen da tsawo."